Bakanon Bakin Teku

Duk mai hular kirki a cikin Hausawan Landan ya san lambar wayar Malam Kassim, ko da bai san sunan ubansa ba. Shi ne mai wankin hula na Thamesmead, a hawa na bakwai na ɗaya daga cikin dogayen benayen kankaren nan da aka zuba a bakin kogi, inda jirgin ƙasa ba ya zuwa, sai ka hau bas har ka gaji. Shekara goma sha shida ya yi a can shi da matarsa Rukayatu, ba shi da takardar zama. A shekarar da nake ba da labarinta magana ta zo gangara: ko a ba shi izini ya ƙarasa tsufansa kusa da matarsa, ko a sa shi a jirgi. Ni ce tafintarsa a wajen lauya. Sunana Karimatu, haifaffiyar Kano, kuma mafi yawan abin nan a gabana aka yi shi, don haka kada wani ya ce na ƙara gishiri.

Hula kam ya iya ta. Ya jiƙa ta, ya goge da buroshi, ya sa sitaci, ya ɗora ta a kan guntun iccen da aka sassaƙa kamar kan mutum, ya bubbuga har ta tsaya cak tana ƙyalli. A gida rana ce ke ƙarasa aikin. A nan kuwa ranar ma sai an roƙe ta take leƙowa, don haka a kan hitar ɗumama ɗaki yake jera su, falon duk ya ɗauki warin sitaci. Zanna, damanga, tangaran, ba wadda ba a kawo masa. Likitoci, manyan ma'aikata, da masu gidaje a tsakiyar gari da ke zuwa hutu da kawo 'ya'ya makaranta, duk direbobinsu sun san hanyar gidan. Ya san faɗin kan kowane babban mutum a garin nan. Na taɓa ce masa da abin da ke cikin kawunan aka ce ya lissafa, da ba zai ɗauki minti biyu ba. Ya yi dariya, ya ce in ji tsoron Allah. Shi fa har zuci yake girmama su, kuma abin da ya fi ba ni haushi da shi ke nan.

Hausarsa ta zango ce, irin ta mutanen Gana da Togo, wadda ba ruwanta da raba mace da namiji. Ranar da muka fara haɗuwa, na kai masa hulunan maigidana, ya ce mini, "Hajiya, kai ne matan sakatare?" Na koma gida na kwaikwaye shi, muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Maigidan nawa shi ne sakataren Zauren Dala, wata ƙungiya ta Kanawa mazauna Landan. Ban cire kaina daga cikin masu raini ba. Na dai riga su dainawa ne, shi ma don aiki ya zaunar da ni dole na ji tarihin mutumin.

Lauyan sunansa Kingsley, yana da ɗan ofis a Woolwich a saman wani shagon gyaran waya, mutum mai haƙurin tsiya. Zama huɗu muka yi kafin ya gane inda aka haifi Kassim, domin duk sanda aka yi masa tambaya sai ya ɗauko ta daga kan kakansa.

Kakan, Nata'ala, ya bar Kano yana saurayi, ya bi ayarin fatake masu kai kanwa Gwanja. Goro bai karɓe shi ba, ya yi ta gangarawa kudu har ƙasa ta ƙare masa, ya ga teku. Ya kafa bukka a kan yashi cikin itatuwan kwakwa, tsakanin Aflao da Lome, ya shiga sayen gishiri da busasshen kifi yana aikawa arewa. Wurin na mutanen Ewe ne, masunta, su suka ba shi filin. A duk abin da ya biyo baya ba wanda ya taɓa tambayarsu ko ƙala.

Ɗan siririn yashi ne fa tsakanin teku da tafkin ruwan gishiri, ba zinariya, ba ko dutsen kirki, amma yadda aka yi wawasonsa sai ka rantse ƙofar aljanna ce. Sarakunan cikin ƙasa sun kawo hari sun koma. Turawan Denmak sun gina gidan tara bayi a Keta, can yamma kaɗan, suka ce gaɓar tasu ce. Da cinikin mutane ya mutu suka sayar wa Turawan Ingila, kamar mai rabuwa da tsohuwar akuya har da igiyarta. Na Ingila suka tsawwala kuɗin fito, 'yan kasuwa suka matsa gabas taku kaɗan inda hannunsu bai kai ba, da haka garin Lome ya tashi. Jamusawa suka ga ana cin kasuwa, suka zo suka kafa tuta. Sai wasu ƙattai a Turai waɗanda ba su taɓa jin warin kifin wurin ba suka ja layi a takarda, aka aiko a dasa dutse. Dutsen ya faɗo a tsakar gidan Nata'ala, tsakanin rijiya da turken awaki.

Ɗakin kwana ya zama ƙasar Jamus, zaure ya zama ƙasar Ingila. Jamusawa suna da bulala ashirin da biyar da aikin hanya na dole, don haka in Nata'ala ya ji ana neman majiya ƙarfi sai ya tare a zaure. In 'yan kwastan na Ingila suka ɓullo, buhunan gishiri su tsallake rijiya. Aka yi babban yaƙin Turawa na farko, Ingila ta kori Jamus daga Lome, gidan ya koma hannun uban gida ɗaya na shekara shida. Daga nan suka miƙa wa Faransa gefen gabas kamar tukuici, dutse ya koma bakin aiki. Banza ta kori wofi ke nan. Mahaifin Kassim an haife shi a ƙarƙashin wata tuta, an yi masa kaciya a ƙarƙashin wata, ya yi aure a ƙarƙashin ta uku, alhali bai taɓa canja ɗaki ba. Da aka ce an sami 'yanci kuwa, mai hankali zai zaci 'yan ƙasa za su tumɓuke dutsen su jefa a teku. Fenti suka shafa masa, suka sa soja gadinsa. Gana ta kori baƙi a 1969, Kassim yana ɗan shekara bakwai, aka ce Hausawa baƙi ne, gidan suka naɗe tabarmi suka koma ɗakin gabas. Bayan wasu shekaru aka zo kafa shingen waya a kan iyaka, aka rushe gidajen da ke kan layi, har da nasu. Haihuwar Kassim ba ta shiga littafin kowace hukuma ba, domin ungozomar ba ta san a wace ƙasa ta yanke cibiya ba, ba ta kuma damu ta sani ba.

Duk wannan bai taɓa hana mutanen zango barci ba, saboda su a nasu ganin ba 'yan nan ba ne. Sai ka zauna da su za ka gane wannan al'adar. A zango mutum ɗan garin kakansa ne. Akwai gidan Katsinawa, akwai na Zazzagawa, akwai na Kanawa, da shi ake kiran mutum a wajen ɗaurin aure, da shi ake yi masa kirari ranar suna. Wanda ya ce shi ɗan bakin teku ne ya ce ba shi da asali ke nan, kuma wa zai ba marar asali 'ya? Tutoci suna hawa suna sauka, su suna zaune a kan yashi suna cewa baƙunta suka zo. An fi shekara ɗari ana baƙuntar nan. Kassim ya haddace ƙofofin Kano a jere kamar karatun allo. Ya san unguwar kakansa, ya san akwai rimi a ƙofar gidan da marina a bayansa. Ƙafarsa ba ta taɓa taka Nijeriya ba.

Bayan an rushe gidan ya yi wankin hula a Lome, sana'ar da ya koya wajen ubansa, ya yi dako a tashar jiragen ruwa, daga baya ya sami aikin kuku a wani jirgin kaya. Jirgin ya tsaya a Tilbury, kusa da Landan, masu shi suka yi watsi da shi da ma'aikatansa, Kassim ya sauka da jaka ɗaya da iccen hula biyu. Aka kai shi gaban jami'i, aka kawo tafinta. Tafintan ɗan cikin badalar Kano ne, ɗalibi, mai Hausa tatacciya. Tambayar ba ta da wata kwana: a ina aka haife ka? Kassim ya fahimce ta sarai, da bakinsa ya faɗa mini. Amma ga ɗan birni a zaune gabansa yana magana da irin bakin da kakansa ke yi, ta yaya zai dubi idonsa ya ce a bakin teku, cikin kwakwa? Ya ce Kano. Aka rubuta Kano, Nijeriya, kuma abin da Bature ya rubuta ko gara ba ta cinsa.

Aka ƙi ba shi zama, aka ce ya koma ƙasarsu. Ofishin jakadancin Nijeriya da ke kusa da Charing Cross suka ce, da gaskiyarsu, ba su ga shaidar cewa nasu ne ba, sai ya kawo takarda daga ƙaramar hukumarsa ko daga sanannun mutanen garinsa. Ba a kuwa sa mutum a jirgi sai akwai ƙasar da ta ce a kawo shi. Haka ya rataye, ba sama ba ƙasa. Duk wata ya je Croydon ya sa hannu a ofishin shige da fice, ya dawo ya ci gaba da hulunansa.

Rukayatu 'yar zangon Kumasi ce, tana da takardarta, aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. A masallaci aka ɗaura musu aure, ba su sami haihuwa ba. Mace ce mai ƙarancin magana, gwiwarta ɗaya tana damunta, duk da haka in lif ya lalace ita ke hawa bene bakwai da buhun shinkafa. Duk ranar sa hannu ba ta iya cin abinci sai ya dawo, domin wasu daga wajen sa hannun ake riƙe su. Shekara goma sha shida tana wannan azumin. Ita ta nemo Kingsley, ita ta ja mijin har ofis kamar mai kai rago kasuwa.

Da Kingsley ya gama jin tarihin ya ajiye biro. Ya ce wannan ai ba ɗan Nijeriya ba ne, ba ma ɗan ko'ina ba ne, kuma doka ta tanadi hanyar zama ga wanda ba ƙasar da ta amsa sunansa. Ya rubuta wa ofisoshin jakadanci uku, na Gana, na Togo da na Nijeriya. Biyu suka ce ba su da shi a littafi, na uku ya maimaita abin da ya faɗa tun farko. Ya samo tsohuwar taswira mai nuna gidajen kan layi, ya gano wani tsoho a Hamburg da suka tashi tare da Kassim, ya rubuto shaida. Aikin shekara ɗaya da rabi. Abu biyu kawai ya roƙa: ranar ganawa da jami'an shige da fice Kassim ya faɗi gaskiya, ya ce kunya ce ta sa ya ambaci Kano, sannan kada ya nemi wata takarda daga wajen kowa. Sau uku na fassara masa. Ya ce to. Ni kuwa na san irin wannan “to” ɗin, wanda ake yi wa likita in ya hana cin nama.

Domin shekara goma ke nan Kassim yana bin Zauren Dala. Ba fasfo yake nema ba, ba ruwansa da jakadanci, katin zama ɗan ƙungiya kawai yake so. Shugaban Zauren shi ne Alhaji Baha'uddeen, mai gida a tsakiyar Landan da huluna sun fi sittin. Rabonsa da kwana a cikin badala tun kafin ya yi tumbi. 'Ya'yansa a yi musu Hausa su amsa da Turanci, ƙaramar ma ta taɓa tambayata ko Dala sunan kanti ne. Wannan shi ne mai gadin ƙofar asali. Kowace shekara Kassim ya cike fom ya kai, kowace shekara a ce kwamiti yana dubawa. Kwamitin nan maigidana ne da aljihun teburinsa.

Sau ɗaya suka kira shi gaban taro, wai za a tantance shi. Alhaji ya ce ya faɗi unguwarsu. Ya faɗa, ya kawo rimin, ya kawo marinar. Aka bushe da dariya, domin wurin yanzu shagunan sayar da waya ne. Wani likita ya ce hangen Dala ba shiga birni ba, wannan kuwa ko hangen bai yi ba. Ɗan Gwanja suke ce masa. Ya taya su dariya, ya tattara hulunan da suka zo da su a leda ya tafi. A duk taronsu shi ke jera kujeru, shi ke kwashe su, ba a taɓa cewa ya zauna a kan ɗaya ba. Son maso wani ƙoshin wahala, na sha faɗa masa, sai ya ce ai babba ko ya zage ka naka ne.

Saura sati uku ganawa aka yi walimar babbar salla a wani zauren haya. An sami babban baƙo daga gida, wani attajiri da Alhaji ya daɗe yana neman shiga wajensa. Ina ɓangaren mata, daga baya aka kwashe mini yadda aka yi. Baƙon ya dubi hular Alhaji, ya ce ko a Kano yanzu da wuya a sami wanki irin wannan, wa ke yi? Alhaji ya yafito Kassim daga bayan kujeru, ya dafa kafaɗarsa, ya ce ai yaronsu ne, ɗan cikin gari, gadon sana'ar ya yi, kuma su a Zaure ba sa yar da nasu. Yaro mai shekara sittin da ɗaya. Kassim ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "tunda ka faɗa a gaban manya, a taimaka a sa mini shi a takarda."

Baƙon ya ce ai wannan ba abin roƙo ba ne. Alhaji ya ga ba hanyar zillewa, ya juya ya ce sakatare ya rubuta.

A kan teburin cin abincina aka buga ta, ban sani ba, sai bayan kwana huɗu na ga kwafinta a bakin injin bugawa. Wai Zauren Dala ya san Kassim Nata'ala, ya san iyayensa, haifaffen birnin Kano ne, unguwa kaza. Ga hatimi, ga sa hannun shugaba da na sakatare. Mutanen da suka yi shekara goma ba su yarda jikan Bakano ne ba, alhali gaskiya ce, yau sun shaida haifaffe ne, alhali ƙarya ce, duk don a yaba hula. Na tambayi maigidana ko ya san abin da ya rubuta.

"Ai favour muka yi masa," ya ce. "Shekara goma yana damunmu, yanzu an yi sorting kuma kina complain?"

Na bayyana masa cewa rashin wannan takardar shi ne abin da ya hana a sa mutumin a jirgi. Ya ce shi ba lauya ba ne. Na kira Alhaji a waya, na gaishe shi da ladabin da bai cancanta ba, na roƙe shi ya janye. Ya ce, “Hajiya, na riga na yi signing a gaban baƙo, so kike in zama ƙaramin mutum?” A raina na ce ai ba sai ya zama ba.

Na faɗa wa Kingsley, ya kira Kassim, ya ce ya ƙona ta, in ba zai iya ba ya bar ta a gida. Kassim ya ce don kansa ya karɓa, ba don kowa ya gani ba, a ƙarƙashin Alƙur'aninsa za ta zauna. Rukayatu ba ta yarda da shi ba. Da safen ranar ganawa ta zazzage jakarsa, ta lalube aljihunsa, har cikin hularsa ta duba, ba ta ga komai ba. Ta musanya aikin safe da wata abokiyar aikinta, ta rako mu Croydon, ta ce za ta jira a tashar tram, ɗan jirgin ƙasan nan mai bin titi.

Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tebur ɗaya. Jami'ar wata mata ce mai furfura, mai ladabi. Tafintan ofis bai samu zuwa ba, aka amince in yi. Wajen awa biyu Kassim yana bayani, kuma wallahi ya yi kyau. Ya kawo dutsen, ya kawo rijiyar, ya nuna gidan a taswira da yatsa, ya faɗi ranar da aka zo da motar rusau da abin da mahaifiyarsa ta fara fitarwa. Matar tana rubutu tana gyaɗa kai. Na saci kallon Kingsley, na ga ya fara sakin jiki. Sai ta zo kan tambayar da muka yi ta maimaita masa a ofis: ke nan abin da ya faɗa da farko, cewa shi ɗan Kano ne, ba gaskiya ba ne?

Amsar a bakinsa take, kalma biyar ko shida. Sai ya ɓalle maɓallin rigarsa, ya sa hannu ta ƙirji, ya zaro ambulan. A jikin fatarsa ya ɗaure ta da tsumma.

Tafinta ba ta da ikon sa baki, na sani, amma na sa.

“Malam, mayar da ita. In ka ba ta takardar nan jirgi za a sa ka. Rukayatu tana waje tana jiranka.”

“Na sani, Hajiya,” ya ce, bai ko dube ni ba. “Amma ba zan zauna gaban Bature in ce kakana ƙarya ne ba. Kai ka faɗa mishi ni Bakano ne, ga shaida.”

Jami'ar ta tambayi abin da muka ce, dole na fassara duka, nawa da nasa. Ba zan ci amanarta ba, ta yi abin da za ta iya. Ta ce ko lauya yana son a ɗan dakata su yi magana. Kingsley ya fita da shi, suka dawo bayan minti goma, fuskar Kingsley kamar an yi masa mutuwa. Ta sake tambayar Kassim ko ya fahimci abin da takardar za ta iya jawo masa. Ya ce ya fahimta. Ya miƙa mata da hannu biyu, yadda ake miƙa wa babba. Ta je ta yi kwafi ta dawo masa da tasa, ya duba gefe-gefenta ko ta lanƙwashe, ya mayar cikin ambulan. Ban taɓa jin ina son marin dattijo ba sai ranar. Na raina shi, na raina masu hatimin, na raina kaina da na taɓa yi masa dariyar da ta taya su koya masa cewa wannan takardar ta fi komai.

Sauran bai ɗauki lokaci ba. Da shaidar sanannun mutanen gari a hannu, ofishin jakadanci ya ba da takardar tafiya, kamar yadda ya ce tun farko zai yi. Kingsley ya yi ta fafutuka, ya nemi Alhaji ya rubuta cewa bai san iyayen mutumin ba, Alhaji ya ce sunansa zai ɓaci. Maigidana ya ce sai abin da shugaba ya ce. Bayan wata bakwai aka riƙe Kassim a wajen sa hannu, aka sa shi a jirgin Legas.

Amma ni a wajena a Croydon aka gama, da muka fito. Rukayatu tana tsaye a tashar tram da ledar abinci a hannu, shinkafa da wake da ta dafo masa. Ta dubi Kingsley, ta dubi ambulan ɗin da ke hannun mijinta, ba ta tambaye shi komai ba. Ni ta ja gefe.

“Hajiya, ya san abin da takardan zai jawo?”

Da na so, da na ce ruɗewa ya yi. Na ce mata ya sani, na faɗa masa, lauya ya faɗa masa, jami'ar ma ta faɗa masa.

“Ka kira mishi sunana?”

Na ce na kira.

Ta gyaɗa kai. Ta je ta miƙa masa ledar, ta ce ya ci tun da zafi, ita tana da aikin yamma. Ya fara cewa ta tsaya ya yi mata bayani, tram ya iso. Ta hau a hankali saboda gwiwar, ta wuce kujerun da ke gefenmu duk da ba kowa a kansu, ta je ta zauna a ɗaya ɓangaren, ta ba mu baya.